Office na fasa-ƙwauri ko LibreOffice: wanne za ka sa wa kwamfutarka?

Idan ka kai kwamfutarka wajen mai gyara a Mahuta ko cikin garin Zuru ka ce a sa maka Office, sau da yawa Microsoft Office ne da aka ɓalle wa kwaɗo za a ɗora maka daga filashi. Kafin ya shiga, akan kashe antibairos, sannan a kunna wata ƙaramar manhaja da ke yaudarar Office ɗin cewa an biya kuɗinsa. To, wa ya rubuta ta? Me kuma ta shigo da shi? Ba ka sani ba, mai gyaran ma haka. Ƙari a kan haka, tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina toshe ɓarakar tsaro a Office 2016 da 2019.

Akwai wata hanyar: LibreOffice, wanda ya fito daga OpenOffice a 2010, kuma gidauniyar The Document Foundation da ke Jamus take kula da shi. Kyauta ne, doka ta yarda ka kwafa ka raba. Mutum ɗaya ya sauke shi inda intanet ke da ƙarfi, sauran kowa ya karɓa a filashi. Writer na rubutu, Calc na lissafi, Impress na gabatar da aiki, duk ba sa buƙatar data. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ma ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kansa.

Amma fa kada masu yabonsa su ruɗe ka. Yana ajiye takarda a tsarin .odt, alhali malaminka a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru mai yiwuwa Word yake amfani da shi. Ko ka zaɓi .docx, jadawali kan goce, shafuka su ja da baya, musamman a dogon aiki irin furojet. Maɓallansa ma ba a inda ka saba suke ba.

Duk da haka shi zan ba ka shawara. Ka saita shi ya riƙa ajiyewa a .docx, abin da za ka kai bugawa kuma ka mayar da shi PDF tukuna. Jadawalin da ya goce kana ganinsa ka gyara. Manhajar da ke kwashe kalmomin sirrinka kuwa a ɓoye take aikinta.