Wa Ke da Bakin Magana? Nazari Kan Al'adar Munazara da Marasa Imani

Duk ɗalibin da ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya ya kai ga Risala a zaurukan ƙasar Hausa ya san sunan Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya. Akwai wata hira da aka yi da shi wadda Alhumaidi ya adana a littafinsa na tarihin malaman Andalus, Jazwatul Muƙtabis. Wani malamin fiƙihu ɗan Andalus, Abu Umar Ibn Sa'adi, ya je Bagadaza, da ya iso Ƙairawan sai Ibn Abi Zaid ya tambaye shi ko ya halarci majalisun masu ilmin kalam. Ya ce ya je sau biyu, daga nan bai ƙara taka ƙafarsa ba.

Abin da ya tarar shi ne zaure cike da kowane irin mutum. Ga Ahlus Sunna, ga 'yan bidi'a, ga Majusawa da Yahudawa da Kiristoci, ga zindiƙai, ga kuma Dahriyya, masu cewa duniya ba ta da farko balle a nemi wanda ya fare ta. Kowace ƙungiya da shugabanta mai magana da yawunta, kuma duk shugaban da ya shigo sai jama'a su miƙe tsaye har ya zauna. Da zaure ya cika sai wani daga cikin waɗanda ba Musulmi ba ya kafa sharaɗi: kada Musulmi su kawo aya ko hadisi a matsayin hujja, tunda sauran ba su gaskata su ba, a tsaya kan abin da hankali zai iya aunawa. Aka amince. Ibn Abi Zaid ya yi mamaki ƙwarai da Musulmi suka yarda da wannan, ya yi salati, ya ga cewa malamai sun ƙare kuma alfarmar addini ta zube. Wanda ya karanta babin aƙida na Risala ba zai yi mamakin wannan ba, domin a can ma ya lissafa barin jayayya da gardama a addini cikin abubuwan da ake riƙo da su, kamar yadda aka sani daga Imamu Malik.

Ke nan tambayar da ake ta yi yau, ko ya dace mutumin da bai yarda da Allah ba ya sa baki a maganar addini, ta haura shekara dubu. Ni a ganina mutanen da sun fi mu iya warware ta, saboda ba su ɗauke ta tambaya ɗaya ba. Sun duba irin abin da aka tambaya kafin su duba wanda zai amsa.

Idan mace ta tambayi yadda za ta rama azumin da ta sha, ko magidanci ya manta raka'a yana son sanin ƙabli zai yi ko ba'adi, fatawa ake nema. Mai tambayar yana cikin addini, hukunci yake so daga wanda ya san hukunci kuma ya yarda da shi, shi ya sa malaman usulu suka sa Musulunci da adalci cikin sharuɗɗan mai ba da fatawa. Mulhidin da ya tsoma baki a nan ya ce ai babu ma wanda ake yi wa sallar, bai amsa komai ba. Kamar a tambaye ka hanyar kasuwa ne ka ce ciniki asara ne. Ko da hujjarsa ta kai ƙarfin dutse, ya ajiye ta inda ba a neme ta ba, kuma rashin ladabin nasa ne.

Amma akwai tambayar da amsarta labari ne kawai: a wane littafi wannan hadisi yake, a wace shekara aka yi yaƙi kaza, me Mu'utazilawa suka ce game da ƙaddara. A nan sani ake bi. Kafin zuwan kwamfuta, malamin da ke neman inda lafazin wani hadisi yake yakan buɗe Almu'ujamul Mufaharas, wanda Turawan da ba Musulmi ba suka tsara ƙarƙashin Wensinck, aka fara buga shi a Leiden ta ƙasar Holan a 1936. Malamai sun amfana da shi ba tare da sun ɗauki aƙida daga masu shi ba, domin in ya ce hadisi yana babi kaza na Bukhari, sai a buɗe Bukhari a gani. Wanda ya faɗi abin da za a iya bincikawa, imaninsa ko rashinsa ba ya ƙara wa maganar nauyi, ba ya rage mata.

Munazara ita ce wurin da marar imani yake da kujera tasa, domin ba ta yiwuwa sai da shi. Sharaɗin nan da ya tayar wa Ibn Abi Zaid hankali, in aka duba da kyau, shi ne ginshiƙin fannin baki ɗaya: ba a kafa wa mutum hujja sai da abin da ya riga ya sallama. Alƙur'ani ma ya nuna haka a labarin Annabi Ibrahim da sarkin da ya yi gardama da shi a Suratul Baƙara. Ba a ja masa wahayi ba, rana aka nuna masa, wadda shi ma yake gani tana fitowa daga gabas. Damuwar Ibn Abi Zaid ba ta banza ba ce, yana tsoron a mayar da addini abin gwada ƙwarewar baki. Sai dai wanda ya ƙi sharaɗin ya bar munazara ne ya koma wa'azi, kuma wa'azi abu ne mai kyau da yake da nasa muhallin.

Daga baya an mayar da abin fanni mai dokoki. Shamsuddin Assamarƙandi, wanda ya rayu a ƙarshen ƙarni na 13, shi aka fi dangantawa da tsara ilmin ladubban bincike da munazara, kuma a zamaninmu Shaihu Muhammadul Amin Asshanƙiɗi ya rubuta littafi a kai domin ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina. Tsarin ya raba aiki gida biyu. Akwai mai da'awa, wanda nauyin kawo dalili ke kansa, akwai mai tambaya. Mai tambaya yana da ikon ya ce bai yarda da wata gaɓa ta dalilin ba sai an tabbatar masa da ita, ko ya nuna cewa in aka bi dalilin zai kai ga abin da mai shi ma ba zai karɓa ba, ko ya kawo nasa dalilin da ke tabbatar da kishiyar da'awar. Abin da aka hana shi shi ne ƙwace kujerar abokinsa tun bai gama ba. Wannan doka tana cin kowa. Mulhidin da ya tsaya kan cewa dalilinka bai gamsar da shi ba, mai tambaya ne. Da zarar ya ce tabbas babu mahalicci, ya zama mai da'awa, shi ma sai ya kawo nasa.

Wani abin burgewa a al'adar shi ne yadda take adana maganar abokin hamayya. Littattafan Ibnur Rawandi, wanda ya yi ƙaurin suna wajen sukar annabci a ƙarni na 9, sun ɓace, kuma da yawa daga abin da aka sani na maganarsa ya zo ne ta hannun masu yi masa raddi, irin su Alkhayyaɗ mai Kitabul Intisar. Likitan nan Abubakar Arrazi, wanda ya yarda da Allah amma ya musa buƙatar annabawa, ya yi muhawara da Abu Hatim Arrazi a birnin Rayyu, kuma Abu Hatim ne ya rubuta ta a A'alamun Nubuwwa. Mu ma muna da irin wannan, ko da yake tsakanin Musulmi ne: Muhammadu Bello ya sa wasiƙun Shehu Alkanemi na Barno a cikin Infaƙul Maisur, har da tambayoyinsa masu zafi kan halaccin yaƙar Barno, sannan ya amsa. Ba na cewa masu raddi kullum suna yi wa abokan hamayyarsu adalci. Amma sun yarda mai karatu ya ji ƙarar ɗaya ɓangaren.

A gwada wannan da labarin da masu wa'azinmu suka fi so, na Imamu Abu Hanifa da Dahriyya, inda ya ba su misalin jirgin ruwa mai ɗaukar kaya ya tafi ya dawo ba matuƙi, suka ce ba ya yiwuwa, ya ce to ina ga duniya. Misali ne mai daɗi kuma mai ma'ana. Aibin yana wajen yadda ake ba da shi: Dahriyyan cikin labarin ba su da amsa ta biyu, nan take suke sallamawa. Yaron da aka rena da wannan kaɗai, ran da ya haɗu da mai shakka na gaske wanda zai ce masa to shi matuƙin wa ya yi shi, sai ya daburce, alhali malaman tauhidi sun daɗe da amsa wannan a bahasin korewar daur da tasalsul, wato cewa sababai ba za su yi ta zagayawa ko su yi ta jeruwa ba iyaka ba. Magabata sun san haɗarin shiga fage ba shiri. Ana ba da labarin Jahmu ɗan Safwan, wanda wasu waɗanda ba Musulmi ba, 'yan Sumaniyya, suka ƙure shi da cewa bai taɓa gani ko jin abin da yake bauta wa ba, har ya yi kwana arba'in bai yi salla ba. Masu hana munazara da wannan suke kafa hujja. Masu goyon bayanta kuma suna cewa labarin ya nuna a koya wa mutum fannin kafin a tura shi.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya taɓo ciwon ta wani gefe a Ihya'u. Maganarsa a kan munazarar malaman fiƙihu take, amma ta dace da nan. Ya fi son a yi ta a keɓe da a yi ta gaban manya da taron jama'a, ya kuma lissafa cututtukan da take haifarwa, hassada da girman kai da riya da ƙin gaskiya in ta fito daga bakin abokin gardama. Duk wanda ya ga yadda magoya baya ke kabbara tun malaminsu bai kai aya ba ya san abin da yake nufi. Su ma masu izgili da addini don tara 'yan tafi cutar ɗaya ce ke damun su. Ayar Suratul An'am da ta hana zagin abin bautar wasu ta ɗora wa Musulmi wannan ladabi, kuma wanda yake son a saurare shi a zauren munazara dole ya riƙe kwatankwacinsa. Zagi ba ya cikin hanyoyin da fannin ya ba mai tambaya.

Kada kuma a ɗauka Bagadaza aljannar masu gardama ce. Halifa Almahdi ya zauna kwana biyu yana muhawara cikin mutunci da Timoti na Ɗaya, shugaban Cocin Gabas, wajen shekarar 781, kuma Timoti ya koma gida lafiya ya rubuta labarin. Shi dai wannan halifa shi ne ya naɗa jami'i na musamman don farautar zindiƙai, a zamaninsa kuma aka kashe mawaƙi Bashshar ɗan Burdu da Salihu ɗan Abdulƙuddus bisa wannan tuhuma. Halifa Ma'amun, wanda ya shahara da tara masana a fadarsa, shi ne ya buɗe jarrabawar halittar Alƙur'ani a 833, wadda ta kai ga tsare Imamu Ahmad, aka kuma yi masa bulala a zamanin Mu'utasim. Amincin mai magana ya rataya ne ga ra'ayin mai mulki, kuma Kirista mai alƙawarin zimma ya fi ɗan Musulmin da ya yi shakka samun kariya.

Wannan gibi na rashin kariya ga mai magana ne muka gada, fiye da dokokin fannin. Muƙabalar da gwamnatin Kano ta shirya ranar 10 ga Yuli 2021 tsakanin Abduljabbar Nasiru Kabara da wasu malamai, ko da yake ba maganar mulhidanci ba ce, kwanaki kaɗan bayanta aka gurfanar da shi, kuma a Disamban 2022 kotun shari'a ta yanke masa hukuncin kisa. A Afrilun 2022 wata babbar kotu a Kano ta yanke wa Mubarak Bala shekara 24 kan abubuwan da ya rubuta a Facebook, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rage. Mutane na da ra'ayoyi masu zafi kan abin da kowannensu ya faɗa, kuma ba shari'unsu nake sake yi a nan ba. Abin da ya shafi wannan nazari shi ne darasin da ɗalibi mai shakka ta gaskiya, wanda bai zagi kowa ba, zai ɗauka daga nesa. Ba zai kai tambayarsa zaure ba. Zai kai ta wayarsa da sunan aro, inda masu amsa masa ba su karanta tauhidin Sanusi ba balle Gazali, malamin unguwarsu kuwa, wanda wataƙila yana da amsar, zai ci gaba da ganin sa a sahun farko yana zaton lafiya lau.