Yadin Maniyyata da Rigar Ma'aikatan Jirgi: Ina Audugarmu Ta Shiga?

A manyan tarukan baje kolin jiragen sama, irin na Dubai da na Le Bourget a Faransa da na Farnborough a Ingila, ba injuna da fukafukai kaɗai ake ciniki ba. Har tufafin ma'aikatan jirgi ana tallatawa, kuma maganar da ta cika bakin kamfanoni a 'yan shekarun nan ita ce kare muhalli. A 2021 kamfanin jirgin easyJet ya fito da kayan ma'aikata da aka saƙa da zaren tsofaffin gorunan roba, ya ce kowane saiti ya cinye kimanin gora 45. A 2023 British Airways ya sauya kayansa da zanen Ozwald Boateng, tela ɗan asalin Ghana haifaffen Landan, har da hijabi ga ma'aikaciyar da ke so.

Ban raina wannan ƙoƙari ba, amma zaren gora dai roba ne. Yana riƙe zafi, kuma in aka cuɗa shi da wani zare, sake sarrafa shi bayan rigar ta tsufa abu ne mai wuya. Abin da ya fi burge ni shi ne rigar ma'aikatan jirgin Singafo, wadda Pierre Balmain ya zana a 1968 da yadin batik na yankinsu, ga ta har yau ba a sauya fasalinta ba. Kayan da ba a canzawa duk bayan 'yan shekaru sun fi rage ɓarna. Akwai kuma darasin American Airlines, wanda ya raba sababbin kaya a 2016, dubban ma'aikata suka koka da ƙaiƙayi da ƙuraje da sarƙewar numfashi, har kamfanin ya nemi wani mai ɗinkin. Wanda zai wuni cikin riga ya kamata a fara tambaya kafin a sa hannu a kwangila.

Mutumin Karaye ko Rogo a jihar Kano ba baƙo ba ne a wannan zance, domin jirgi ya daɗe da shigowa rayuwarsa ta ƙofar aikin Hajji. Maƙwabciyarsu Kabo ce ta ba da sunanta ga Kabo Air, wanda marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa a 1980, ya yi shekaru yana jigilar alhazai da manyan jirage ƙirar Boeing 747. Daga baya Max Air da Azman suka shigo fagen. Duk jirgin alhazan da ya tashi daga filin Malam Aminu Kano yana ɗauke da kayan bai-ɗaya iri biyu: na ma'aikata, waɗanda ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, da na fasinjoji, su ɗaruruwa. Na biyun nan ne ba a kai shi baje koli, alhali shi ya fi cancantar nazari.

Ga yadda abin yake. Idan tafiya ta matso, hukumar jin daɗin alhazai ta jiha takan raba wa maniyyata jakunkuna da yadi iri ɗaya ta hannun jami'anta na ƙananan hukumomi. Daga nan kowa sai ya nufi telansa. A makonnin nan za ka ga shagon tela ya zama launi ɗaya, yadin a rataye, yadin a kan keke, ƙyallayensa a ƙasa, tela ya rubuta sunan mai kaya da alli a bakin kowane yanki don kada su cakuɗe. Dattijo ya ce a yi masa aljihu mai zurfi da zif saboda guzuri da katin shaida. Hajiya ta ce a saki hannun rigar yadda za ta naɗe shi wajen alwala, hijabin kuma ya sauko sosai. Launin na hukuma ne, amma awo da ɗinki na mai sawa ne, kuɗin ɗinkin kuma ya tsaya a garin. Kamfanonin jirage suna kashe maƙudan kuɗi wajen gwaje-gwaje don su kai ga abin da wannan tsari ya samu a sauƙaƙe.

Amfanin yadin a can wajen aikin Hajji ba ado ba ne. Tsohuwar da ta ɓace wa ayarinta a Mina, ba Larabci ba Turanci, da yadin jikinta ake gane inda ta fito a mayar da ita tantinsu. Mun san wannan hikima tun kafin jirgi: ja da koren dogari ake hangowa daga nesa a san sarki na tafe, a Karaye kamar a Kano. Shi ya sa nake ganin kamfanoninmu na jirage sun yi sakaci da zane. Mafi yawansu kwat da siket da ɗan ƙyallen wuya suka ara, irin wanda za ka gani a ko'ina. Jirgin Habasha kuwa yana sa ma'aikatansa farar rigar gargajiyarsu mai ado a baki, kowa ya gani ya san ta. Ƙasar da ke da marinar Ƙofar Mata da turkuɗin Kura da aikin aska bai kamata ta rasa abin ɗorawa a wuyan rigar ma'aikacin jirgi ba.

Bayan an dawo ma yadin ba ya mutuwa. Alhaji ya ci gaba da sa shi zuwa kasuwa, in ya koɗe a rage wa yaro, zanen Hajiya ya koma na goyo, ƙarshe ya zama tsumma. Babu mai kiran wannan kare muhalli, amma shi ne.

Inda igiyar ta tsinke shi ne tushen yadin. Rogo ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, ita da Karaye suna gefen yankin audugar da ya miƙe zuwa Malumfashi da Funtuwa da Zariya, inda injinan gurza suka yi zamani. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964, Kano ma ta yi masaƙunta a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Rashin wuta da tsadar man injin da kwararowar yadin waje suka durƙusar da su, UNTL ta rufe ƙofa a 2007. Yau mafi yawan dilolin Kantin Kwari daga Sin suke zuwa, manomi kuwa da ya rasa mai saye ya mayar da gonarsa ga masara da waken suya da rake.

Gwamnati ta san da matsalar. A 2017 an sa hannu a umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 da ya ce hukumomi su fifita kayan gida wajen saye, kuma kayan sarki na cikin jerin. A 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi canjin kuɗin gwamnati. Duk da haka gonakin audugar ba su dawo ba, kuma a ganina babban dalili shi ne lokaci. Nijeriya ta samu kujerun Hajji 95,000 a 2023 da 2024. A ƙaddara kujerun sun cika, aka ba kowa yadi biyar kacal, an tashi yadi 475,000, ciniki tabbatacce da ke dawowa kowace shekara. Amma odar da aka bayar ana saura wata biyu tafiya, ɗan kwangila ba shi da zaɓi sai ya sayi abin da ya tarar a dila.

Auduga ma tana da nata nauyin: tana son feshi, tana yamutsewa, kuma rigar ma'aikacin jirgi takan buƙaci a gauraya ta da wani zare don ta jure wanki da guga. Tamu dai ruwan sama take sha, ba ta jiran madatsar ruwa ta Challawa. Ana shuka ta a Yuni zuwa Yuli, a tsince ta daga Nuwamba, sannan gurza, kaɗi, saƙa da rini. Hajji kuma yana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara. Don haka idan ana son maniyyacin Rogo ya hau jirgi da yadin da aka noma a gonar ƙauyensu, dole hukuma ta ƙulla yarjejeniya da masaƙa fiye da shekara guda kafin tafiya, masaƙa ta ƙulla da masu gurza, su kuma su sanar da manomi farashi tun kafin ruwan shuka ya sauka.