Gashin-bakin Mario da Sauran 'Ya'yan Ƙunci

In aka ga magidanci da furfura a gemu yana riƙe da madannan wasan bidiyo, akan ce bai gama ƙuruciya ba. An yi gaggawar yanke masa hukunci. Wanda ya fara da Atari 2600 a 1977, ko Famicom ta kamfanin Nintendo a 1983, yau ya doshi hamsin ko ya haura, kuma kewar yarinta kaɗai ba za ta riƙe mutum tsawon shekara arba'in ba. Abin da ya riƙe shi, a ganina, shi ne an ƙera waɗannan wasanni cikin matsi, matsin kuwa ya tilasta wa masu ƙera su tankaɗe komai har sai tsabar wasan ta rage.

Ƙwaƙwalwar aikin Atari 2600 baiti 128 ce kacal, ko rabin wannan sakin layi ba za ta ɗauka ba. A irin wannan talauci ne dabara ke tashi. Lokacin da Tomohiro Nishikado yake haɗa Space Invaders a Japan, wanda ya fito a 1978, na'urarsa ta kasa tafiyar da dukkan maharan da sauri; sai an harbe wasu, nauyi ya ragu, sannan ragowar su ƙara gudu. Maimakon ya gyara, sai ya bar abin yadda yake, aka sami wasan da ke ƙara zafi daidai lokacin da kake ganin ka kusa gamawa. Mario ma ɗan ƙunci ne. A Donkey Kong na 1981 ɗigogin hoton ba su isa a zana baki ba, sai Shigeru Miyamoto ya ɗora masa gashin-baki, ya kifa masa hula don a huta da zanen suma. Super Mario Bros. na 1985 gaba ɗayansa kimanin kilobait 40 ne, shi ya sa gajimare da ciyawar cikinsa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Har a zamanin PlayStation abin bai ƙare ba: hazon da ya lulluɓe garin Silent Hill na 1999, mai kauri kamar na tsakiyar hunturu, an sa shi ne don ɓoye gazawar na'urar wajen nuna abin da ke nesa, sai ga shi ya zama tushen tsoron da ke cikin wasan.

Nau'o'in da mutane ke fifitawa ma sun bi sawun na'ura. Muddin ba a iya ajiye inda aka tsaya, wasa gajere ne, a zama ɗaya ake cinye shi. Da aka sa batir a cikin kaset ɗin The Legend of Zelda da ya shiga Amurka a 1987, sai ya yiwu mutum ya kashe talabijin ya dawo gobe ya ɗora, doguwar tafiya ta makonni ta sami gurbi a falon gida. Kamfanin Square ya bar Nintendo ya koma wa Sony ne saboda kaset ba zai ɗauki Final Fantasy VII ba. A faifan CD uku ya fito a 1997.

Wani zai ce duk wannan ado ne ake yi wa kewa, kowa yana yabon abin da ya tashi da shi. Da haka ne, da tsofaffin wasannin sun mutu a hannun tsararsu. Amma Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko tun zamanin Tarayyar Sobiyet, wani yaro ɗan shekara 13 ne a jihar Oklahoma ya kai na na'urar NES ta Nintendo maƙura har ya tsaya cak a ƙarshen 2023. Haka nan Stardew Valley na 2016, aikin mutum ɗaya, da Celeste na 2018, da gangan suka koma zanen ɗigo alhali na'urorin yau na iya nuna gumin fuskar ɗan ƙwallo.

Suka ta biyu ta fi nauyi: wahalar tsofaffin wasanni ba duka fasaha ba ce, akwai son kuɗi. Gaskiya ne. Akwatunan wasa na kasuwa da sulalla suke aiki, riba kuwa tana zuwa ne in an kashe ka da wuri ka sake jefa wani, kamar dai shagunan gem na garuruwanmu inda ake biya wasa-wasa. Matsi ma ba kullum yake haifar da ɗa mai ido ba. E.T. na Atari, wanda aka haɗa cikin kusan mako biyar a 1982, ya zama abin kunya, kasuwar Amurka ta durƙushe a 1983, aka binne tarin kaset a garin Alamogordo har sai 2014 aka tono su. Sai dai wannan bai rushe hujjar ba, ya dai rage mata faɗi. Ƙunci ya tace wasannin, kasuwa da shekaru suka sake tace su, tarkacen ya tafi rami. Wahalar da aka ƙirƙira don cin sulalla kuwa ta rayu bayan sulallan sun ɓace: masu Dark Souls na 2011 da Elden Ring na 2022 sukan mutu sau talatin a hannun dodo ɗaya, su sake danna madanni, ba tare da an ƙara karɓar ko sisinsu ba.