Gwajin Pasteur da Hanyar Binciken Kimiyya a Babin Farko na Ilimin Halittu

Gabatarwa

Kusan duk littafin share fage na ilimin halittu da ɗalibanmu ke karantawa yana buɗewa da babi iri ɗaya. Ana jera siffofin mai rai, wato ci, numfashi, girma da haihuwa, sannan a kawo hanyar bincike a matakai shida: lura, hasashe, gwaji, sakamako, fassara, kammalawa. A makarantun da ke bin tsarin Faransa ana kiran jerin OHERIC, laƙabin da André Giordan ya raɗa masa a shekarun 1970 domin ya soke shi. Misalin da aka saba kafa hujja da shi shi ne gwajin Louis Pasteur. A wannan takarda za mu nuna cewa misalin, in an ba da shi cikakke, yana rusa darasin da ake so ya tabbatar.

1. Labarin kamar yadda babin ke ba da shi

Tambayar ita ce ko mai rai na iya tsirowa daga abu maras rai. Tun 1668 Francesco Redi ya nuna cewa tsutsa ba ta fitowa a naman da aka hana ƙuda sauka kansa. Saura ƙananan halittun da ido ba ya gani. Pasteur ya tafasa ruwan yisti mai sukari cikin kwalba mai dogon wuya lanƙwasasshe. Iska na shiga, ƙura na maƙalewa a lanƙwasar, ruwan ya zauna garau. Da aka karya wuyan sai ya gurɓace. A 1860 ya buɗe kwalabe 20 a gindin duwatsun Jura, 8 suka gurɓace. Ya buɗe 20 a tsaunin ƙanƙara na Mer de Glace, ɗaya kawai ta gurɓace. A 1862 Majalisar Kimiyya ta Faransa ta ba shi lambar Alhumbert.

Dole a yaba wa babin a nan. Da wannan misali ɗalibi ke gane amfanin kwalbar shaida, wadda ake bari ba a taɓa ba don a gwada ta da ƴar'uwarta. Kaɗan ne gwaje-gwajen da suka kai wannan sauƙin fahimta.

2. Abin da babin ya tsallake

Abokin gardamar Pasteur shi ne Félix Pouchet, shugaban gidan tarihin halittu na Rouen, wanda ya wallafa Hétérogénie a 1859. Babin kan ambace shi a layi ɗaya a matsayin wanda ya yi kuskure, ko ya manta da shi sam. Alhali a 1863 Pouchet da abokan aikinsa biyu, Joly da Musset, sun hau tsaunukan Pyrénées da nasu kwalaben tafasasshen jiƙon busasshiyar ciyawa, suka buɗe su a iska mai tsabta, suka sake rufewa, kuma duka suka cika da rai. Ya lura, ya yi hasashe, ya gwada, ya sami sakamako, ya fassara, ya kammala. Babu matakin da ya tsallake, amma kammalawarsa ba daidai ba ce.

Dalilin bai fito ba sai a 1876 da 1877, lokacin da Ferdinand Cohn da John Tyndall suka nuna cewa wasu bakteriya na ciyawa suna shiga wani ƙoƙo mai tauri su kwanta, kuma tafasa a digiri 100 ba ta kashe su. Ran da Pouchet ya gani yana cikin kwalbar tun kafin a ɗora ta a wuta. Ruwan yistin Pasteur kuwa tafasa ɗaya ta ishe shi. Ke nan bambancin mutanen biyu yana cikin abin da kowa ya zuba a kwalbarsa, kuma babu ɗayansu da ya san haka a lokacin.

Akwai ƙari. Duk sa'ad da kwalbar Pasteur ta gurɓace ba zato, yakan ɗauka wata ƙura ce ta kutsa, ya sake gwajin. John Farley da Gerald Geison sun ja hankali kan wannan a 1974. Ba mu ganin laifi ne. Hasashensa ne ke gaya masa sakamakon da zai yarda da shi da wanda zai tuhuma, kuma tarihi ya ba shi gaskiya. Sai dai jerin matakai shida bai tanadi gurbin wannan hukunci ba.

3. Abin da ke cikin haɗari

Ɗalibin da ya haddace jerin zai ɗauka cewa bin matakai na haifar da gaskiya. Gobe shi ne malami a kwaleji, ko mai rubuta kundin digiri, kuma ranar da gwajinsa ya saɓa wa littafi ba shi da abin yi sai ya ɓoye sakamakon ko ya gaskata shi ido rufe.

Matsalar Pouchet ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Manomi a Maraɗi ko Damagaram na zuba wake mai kyan gani a ma'aji ya rufe, bayan makonni ya tarar da ƙwaro. In ya ce waken ne ya haifi ƙwaron, lurarsa daidai take. Abin da bai gani ba shi ne ƙwan da aka saka kan kwanson tun a gona, da tsutsar da ta huda ƙwayar ta ɓuya ciki. Malamin da ya san labarin ciyawar Pouchet zai iya tambayar ajinsa: me ke cikin ma'ajin kafin a rufe, kuma ta yaya za mu tabbatar?

Kammalawa

Muna ba da shawarar a koyar da gwaje-gwajen biyu tare, a bar ɗalibai su yi gardama kan wanda ya fi hujja da ilimin 1863, kafin a buɗe musu binciken Cohn da Tyndall. Zai ci darasi biyu maimakon ɗaya. Ribar ita ce su ga cewa an warware wannan tambaya ta hanyar sanin kayan gwaji, maimaitawa, da sukar abokan sana'a na kusan shekara ashirin, abubuwan da OHERIC bai ambata ba.