Kyan Gani Da Kyan Bugu: Sharhi A Kan Filin Ƙwallon Lambu Na Loch Lomond

Gabatarwa

Mun saba a wannan mujalla idan aka ce sharhi, sai hankali ya koma kan littafi ko waƙa ko wasan kwaikwayo. To, amma duk abin da ɗan Adam ya zauna ya tsara, ya yi masa mafari da tsakiya da ƙarshe, ya kuma gayyaci wasu su shiga cikinsa, ya cancanci a ɗora shi a kan ma'auni. Saboda haka a wannan fitowa za mu duba wani filin wasan ƙwallon lambu, wato wasan da Turawa ke kira golf, da ke gaɓar tafkin Loch Lomond a ƙasar Sikotilan. Tambayarmu guda ce: shin kyan da filin yake da shi a ido ya kai ga hannun mai bugawa? Domin Hausawa sun ce, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Yadda Wasan Yake

Ga wanda bai san wasan ba, cikakken fili yana da ramuka 18, adadin da ya samo asali daga tsohon filin garin St Andrews, inda aka rage ramukan daga 22 zuwa 18 a shekarar 1764. Ɗan wasa yana dukan 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda, daga wurin farawa har ya jefa ta a rami, kuma wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Kowane rami yana da ƙa'idar bugunsa, uku ko huɗu ko biyar. Aikin mai tsara fili shi ne ya shirya abin da ke tsakanin mafari da rami, wato hanyar ciyawa, da kwarin yashi, da bishiyoyi, da ruwa, ta yadda gwani zai sha wuya, ɗan koyo kuma ba zai yi fushi ya koma gida ba. Haɗa waɗannan biyun shi ne ake nufi da buguwar fili.

Tsarin Filin

Tafkin Loch Lomond ya fi kowane tafki faɗi a tsibirin Birtaniya. Filin yana gaɓarsa ta yamma, kusa da ƙauyen Luss, arewa maso yamma da birnin Gilasgo, a tsohuwar gandun zuriyar Colquhoun. Gidan zuriyar, mai suna Rossdhu, wanda aka gina a 1773, shi ne yanzu zauren 'yan ƙungiya. Amurkawa biyu ne suka tsara filin: Tom Weiskopf, wanda ya ci babbar gasar Birtaniya a Troon a 1973, da abokin aikinsa Jay Morrish. An buɗe shi a 1993, tsawonsa kimanin yadi 7,100 ne, ƙa'idar bugunsa kuma 71.

Abu na farko da za mu yaba shi ne haƙurin masu tsarin. Wanda aka ba tafki irin wannan, zuciya za ta raya masa ya tura kowane rami bakin ruwa don masu ɗaukar hoto su ji daɗi. Su kuwa sai suka ja ɗan wasa cikin bishiyoyi tukuna, yana hango ruwan jefi-jefi, har sai a rami na 6 ya sami kansa a gaɓa sosai. Wannan rami mai ƙa'idar bugu biyar ya haura yadi 600, tafkin kuma yana biye da shi ta hannun dama tun daga farko har ƙarshe. Daga baya filin ya sake komawa cikin gandu, sannan ya dawo ga ruwan a ƙarshe, inda rami na 17 da na 18 suka bi mashigin Rossdhu, kangon tsohuwar fada yana tsaye bayan ramin ƙarshe. Abin da ake gani kullum yakan gundura. Da yake an yi tsimin tafkin, duk lokacin da ya bayyana sai gaban ɗan wasa ya faɗi.

Abu na biyu, wanda a ganinmu ya fi na farko nauyi, shi ne rami na 14. Gajere ne, bai kai yadi 350 ba, ƙa'idarsa bugu huɗu, amma hanya biyu ce zuwa gare shi. Mai tsoro zai bi ta gefe inda ƙasa take da tauri, ya isa a bugu biyu cikin kwanciyar hankali. Mai ƙarfin hali kuwa zai iya ɗaga ƙwallo ta tsallake damba ta sauka kusa da rami a bugu ɗaya, in ya gaza kuma ta nutse. Weiskopf ya shahara da irin wannan rami, kuma daga gajerun ramukan St Andrews ya koyi dabarar. Amfaninsa shi ne bai tilasta wa kowa komai ba, ya dai sa kowa ya auna kansa. Dattijo mai raunin hannu da zakaran duniya duk suna da shawarar da za su yanke a wuri guda. A wannan dambar ce shi Weiskopf ya taɓa nutsewa cikin taɓo lokacin da ake aikin filin, da ƙyar ya fitar da kansa.

Inda Gizo Ke Saƙa

Sai dai fa, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Yammacin Sikotilan wuri ne mai yawan ruwan sama, ƙasar gandun kuma mai riƙe ruwa ce. Tsofaffin filayen ƙasar an shimfiɗa su ne a kan yashin bakin teku, inda ruwa ke tsanyewa nan da nan, ƙwallo kuma ta yi ta gangarawa bayan ta sauka. A Loch Lomond kuwa, shekaru da dama, idan an yi ruwa ƙwallo takan tsaya inda ta faɗi. Wannan bai cika damun gwani ba, tun da shi ta sama yake aika ƙwallonsa, ya kuma san inda za ta sauka. Wanda abin ya fi cuta shi ne ɗan wasa na yau da kullum, wanda da gangaren ƙwallo yake cike gibin ƙarfinsa. Idan ƙasa ta jiƙe, yadi 600 na rami na 6 sai ya zame masa tafiyar yini. Zaɓin nan da muka yaba ma yakan ragu, domin hanyar mai tsoro ita ma ta zama taɓo.

Tarihin filin ya tabbatar da haka. A watan Oktoba na 2000 an yi gasar kofin Solheim a can, tsakanin matan Turai da na Amurka, Turai ta ci, amma ruwan sama ya dagula wasan ƙwarai. Haka kuma daga 1996 zuwa 2010 filin ya karɓi babbar gasa kowace shekara, wadda daga 2001 ta ɗauki sunan gasar Sikotilan, manyan 'yan wasa irin su Ernie Els da Colin Montgomerie suka ci kofi a nan. Duk da haka a 2011 aka mai da gasar Castle Stuart kusa da Inverness, kuma cikin dalilan akwai cewa 'yan wasa sun fi son su yi shirin babbar gasar Birtaniya, wadda ke biyo baya da mako guda, a kan fili mai yashi irin nata. Daga baya, a ƙarshen shekarun 2010, 'yan ƙungiyar suka kashe miliyoyin fam suka ɗaye ciyawar, suka sabunta magudanan ruwa, suka shimfiɗa yashi a ƙarƙashi. Gyaran ya yi daidai, amma shi kansa shaida ce cewa an ƙawata sama kafin a gama da ƙasa.

Ƙofa A Rufe

Akwai kuma batun da bai kamata mu tsallake ba. Filin na 'yan ƙungiya ne da baƙinsu, kuɗin shiga kuma sai attajiri. Wannan yana faruwa ne a ƙasar da tsohon filin St Andrews yake mallakar jama'a, har akan dakatar da wasa a cikinsa ran Lahadi mutanen gari su yi yawo. Tun da gasar ta tashi, mafi yawan masoya wasan a hoto kawai suke ganin Loch Lomond, hoto kuwa tafki da duwatsu yake nunawa, ba ya nuna yadda ƙasa take a ƙarƙashin ƙafa. Aikin da mutane ƙalilan ke gwadawa, yabonsa yakan fi sukarsa yawa, ba don ya rasa aibi ba, sai don masu sukar suna waje.

Kammalawa

Hukuncinmu shi ne Weiskopf da Morrish sun yi aiki nagari a wajen jeranta ramuka da bai wa ɗan wasa zaɓi, amma ƙasar da suka yi aikin a kanta ta daɗe tana rage wa tsarin daraja, musamman ga mai ƙaramin ƙarfi. 'Yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, akwai abin lura a nan. Bango mai sheƙi da kalmomi masu daɗi su ne tafkinmu, kuma a yi tsiminsu. Amma kafin nan a tabbata ginshiƙin labari ya tsaya da ƙafarsa, kuma a miƙa rubutun ga wanda ba aboki ba ya karanta, ya faɗi inda ƙafarsa ta nutse. Allah Ya sa mu dace.