Jini ko Reno: Kaka da Jikanta a Shirin Happy Valley

Happy Valley shiri ne mai dogon zango da tashar BBC ta fara nunawa a watan Afrilun 2014. Zango na biyu ya fito a 2016, na uku kuma na ƙarshe a farkon 2023. Kashi 18 ne gaba ɗaya, 6 a kowane zango, kuma mace ɗaya ce ta rubuta su duka, Sally Wainwright. Ana lissafa shi cikin finafinan 'yan sanda, tunda jarumar, Catherine Cawood, sajan ce, kuma ba a rasa gawa da bincike a kowane zango. A nawa karatun, aikin 'yan sandan riga ce kawai. Abin da ke cikin rigar labarin kaka ne da jikanta, da kuma tambayar da ta hana kakar barci: yaron zai biyo jinin ubansa, ko zai biyo hannun da ya rene shi? Wanda bai kalla ba ya sani tun yanzu, zan fasa ƙwai a wannan sharhin.

Labarin yana faruwa ne a kwarin kogin Calder da ke yammacin Yorkshire, a arewacin Ingila, inda ƙananan garuruwa irin su Hebden Bridge da Sowerby Bridge suke kwance a ƙarƙashin tsaunuka, gonakin tumaki kuma suna sama. Da can masaƙun ulu da auduga ne suka riƙe yankin. Masaƙun sun rufe, gine-ginen sun rage, aikin ya tafi. Sunan shirin yana nufin kwarin farin ciki, kuma gatse ne: haka 'yan sandan yankin ke kiransa saboda yawan shan ƙwaya. Wainwright a Sowerby Bridge ta tashi, shi ya sa ba ta nuna wurin da idon baƙo mai yawon buɗe ido. Kyamara takan hasko koren tsauni mai ban sha'awa, sai ta sauko kan benen talakawa inda matasa ke zaune ba aiki, ido ya yi ja.

Tun a mintunan farko Catherine ta zayyana rayuwarta ga wani saurayi da ya zuba wa kansa fetur yana barazanar cinna wuta. Tana riƙe da tukunyar kashe gobara, ta gaya masa shekarunta 47, aurenta ya mutu, tana zaune da 'yar'uwarta Clare mai fama da barin ƙwaya, 'ya'yanta biyu, ɗaya ta rasu, ɗaya ba ya mata magana, sai jika. Wadda ta rasun ita ce Becky, da ta rataye kanta makonni kaɗan bayan ta haifi Ryan. Catherine ba ta da shakka cewa Tommy Lee Royce ne ya yi wa 'yarta fyaɗe, ko da yake kotu ba ta taɓa kama shi da wannan laifin ba. Da aka rasa mai ɗaukar jaririn, ita ta ɗauka. Mijinta Richard ya kasa kallon yaron, auren ya watse. Ɗanta Daniel ya ja baya. Ranar da labarin ya fara, aka ji Tommy ya fito daga kurkuku.

Bahaushe na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma yana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shirin ya sa Catherine tsakanin waɗannan maganganun biyu. Duk ranar da aka kira ta makaranta saboda Ryan ya jefi wani da kujera ko ya yi ashar, za ka ga fuskarta ta canza, domin ba ƙiriniyar yaro take gani ba, Tommy take hangowa. Abin da ya fi burge ni shi ne marubuciyar ba ta mayar da ita waliyiya ba. Bayan Tommy ya yi mata dukan kawo wuƙa a zango na farko, ta shiga ƙunci har ta kasa ɓoye ƙyamar yaron da ta sadaukar da komai dominsa. A walimar zagayowar ranar haihuwarta Daniel ya bugu ya tona mata asiri, cewa lokacin rasuwar Becky ta taɓa fatan da shi ne ya mutu. Wannan reno ne da ake yi da gajiya, da fushi, da nadama, amma kullum da safe akwai abinci a kan tebur, kuma da yamma akwai mai zuwa ɗaukar yaro daga makaranta.

Don a gwada tsoron Catherine, zango na biyu ya kawo mata madubi. Alison Garrs manomiya ce a wata gona can saman tsauni, tana zaune da ɗanta Daryl, wanda samarin gari suka mayar abin tsokana. Daga baya ta gane shi ne mai kashe matan da ake ta nema. Ta dafa masa abinci, ta yi masa alkawarin tafiya Amurka, sannan ta harbe shi ta baya, ita kuma ta haɗiyi ƙwayoyi. Catherine ce ta same ta, ta rungume ta, tana karanta mata sharuɗɗan kamu da muryar lallashi. Sai aka ji cewa Daryl ɗan fyaɗe ne shi ma, kuma mahaifin Alison ne ubansa. Zangon ya rufe da Catherine tana kallon Ryan yana gudu a kan tsauni da sanda a hannu, ba ta ce uffan ba. Mai kallo ya san lissafin da take yi.

Da shirin ya tsaya nan, da sai a ce ya goyi bayan jini. Amma a kowane zango akwai wani namiji mai mutunci a idon jama'a da ke jawo masifa. Kevin Weatherill akanta ne da maigidansa ya hana ƙarin albashin da zai kai 'yarsa makarantar kuɗi, sai ya ba dillalin ƙwaya shawarar a sace 'yar maigidan a nemi kuɗin fansa. Kafin ya ankara maigidan ya sauya ra'ayi ya amince zai biya kuɗin makarantar, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. John Wadsworth jami'in bincike ne mai mata da 'ya'ya, wanda ya shaƙe farkarsa don kada ta tona shi. Faisal Bhatti mai kantin magani ne da ke sayar da ƙwaya ta bayan fage, har ya kashe Joanna, matar da yake samar wa ƙwayar. Babu ɗayansu da ya gaji mugun jini. Tsoro ne da kwaɗayi da ƙin ɗaukar laifi, kuma kowannensu har ƙarshe yana ganin wani ne ya jawo masa. Da su ukun marubuciyar ta rushe hujjar jini ba tare da ta sa wa kowa wa'azi a baki ba.

Shi kansa Tommy an nuna mana uwarsa Lynn, mashayiya a gida mai kama da juji. In reno ne zai ceci Ryan, to rashinsa na cikin abin da ya ƙera Tommy. Shirin ya yarda da haka, amma ya sa hujjar a bakin Frances Drummond, matar da son Tommy ya rufe wa ido har ta shiga makarantar Ryan da sunan ƙarya. Ana iya fahimtar inda mutum ya fito ba tare da an wanke shi ba.

An jira shekara 7 kafin zango na uku, don Rhys Connah, yaron da ya fito a Ryan tun farko, ya girma ya kai ga yin zaɓi da kansa. Yana ɗan shekara 16 aka gano yana ziyartar ubansa a kurkuku a ɓoye, kuma Clare ce ke kai shi. Fitowar da Catherine ta bi su har Sheffield, ta tsaya tana kallon ƙanwarta ta tagar gidan shayi tana mata ƙarya a waya, ta fi mini duk wani faɗa da aka yi a shirin zafi. Daga ƙarshe Tommy ya tsere daga kotu, ya nemi Ryan ya gudu da shi, yaron kuma ya kai labari ga hukuma. Tommy ya shiga kicin ɗin Catherine da rauni a jiki da fetur a hannu, ya tarar da kundin hotunan Becky da Ryan, ya ga irin ƙuruciyar da ɗansa ya samu. Suka zauna, tebur a tsakani, suka yi magana. Ya cinna wa kansa wuta, ita kuma ta kashe ta da bargon saƙar hannu na Clare. Asibiti ya mutu. Shekara 9 ana jiran artabu, aka ƙare da hotunan ranar haihuwa da bargo, wato kayan reno.

Shirin yana da aibu. Gungun Knezevic, masu safarar mata da ƙwaya, sun kasance inuwa kawai mai sunan ƙasashen waje, ba a ba su zurfin da aka ba 'yan gari ba, kuma hakan yana sauƙaƙa wa mai kallo ya ɗauka cewa babbar ɓarna daga waje take zuwa. Labarin Faisal an naɗe shi da jimla biyu a kashin ƙarshe, kamar lokaci ne ya ƙure, alhali Joanna ta cancanci fiye da haka. Sannan akwai ranar da Catherine ta ci zarafin wani saurayi a bayan motar 'yan sanda don ya yi ba'a da mutuwar abokiyar aikinta, aka tsara fitowar yadda za mu tafa mata. Wanda ya san abin da ɗan sanda mai fushi ke iya yi a bayan mota ba zai tafa da zuciya ɗaya ba.

Duk da haka, Sarah Lancashire ta riƙe shirin da fuskar macen da ta gaji amma ba ta da damar faɗuwa, kuma ta ci kyautar BAFTA sau biyu a kan wannan rawar, a 2017 da 2024. Turancin Yorkshire yana da nauyi a kunne, har 'yan Birtaniya sun yi ƙorafin ba sa jin wasu maganganun, don haka a kunna rubutun ƙasan allo. Ba kuma shirin kallo da yara ba ne.

Garkuwa da mutane da ƙwayar da ake saya a kantin magani ba baƙin abu ba ne a wajenmu, amma inda shirin ya fi taɓa mu shi ne Ryan. Mun san sunan da ake kiran irin wannan yaron a unguwa, mun san wanda ke ɗaukar kunyar laifin da ba shi ya yi ba, kuma sau da yawa kaka ce ke goya shi bayan kowa ya zame. Happy Valley bai yi alkawarin cewa reno kullum yana cin nasara ba, domin Alison ma ta yi reno. Abin da ya nuna shi ne babu wanda ya isa ya yanke wa jariri hukunci tun yana cikin zanen goyo, kuma sai wani ya yarda ya ɗauke shi kafin a san abin da zai zama.