Kafin mu kira baƙi su zo kallon zanen Birnin Kudu

Mai karatu, wataƙila ka taɓa ganin hoton Famukkale na ƙasar Turkiyya a Facebook: wasu fararen matakala kamar an baza auduga, ruwan ɗumi na kwarara a kansu, ga kufan birnin Hiyerafolis a samansu. A ƙarƙashin hoton ba ka rasa mai cewa, "Mu ma a Jigawa muna da abin nunawa, talla ce kawai ba mu iya ba." Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin ne nake da ja a kai.

Bari mu fara da farin. Ruwan yana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa da ɗumi, ɗauke da narkakken sinadarin alli. Da ya sha iska sai iskar kabon da ke cikinsa ta fice, allin ya kwanta, a hankali ya zama dutse. Da baƙi suka yawaita, sai aka gina otal-otal a saman wurin, aka karkatar da ruwan zuwa wuraren wanka, aka shimfiɗa hanyar mota a kan matakalar. Farin ya dusashe. Bayan UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan gadon duniya a 1988, aka rushe otal-otal ɗin, aka rufe hanyar, aka hana shiga da takalmi. Wurin ya farfaɗo, domin ruwan bai daina zuba sabon alli ba.

To dawo gida. A Birnin Kudu, kudu da Dutse, akwai zanen shanu a jikin duwatsu kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950, tare da duwatsun da ke amo kamar kuge idan an buga su. Cikin shanun akwai marasa tozo, ba irin waɗanda ka saba gani a kasuwar Shuwarin ba. Ka ga ke nan zanen shaida ne kan kiwon da aka yi a wannan ƙasa a wani zamani.

Ga inda kwatancen ya karye: zanen dutse ba shi da ruwan da zai sabunta shi. Launi ne siriri a fatar dutse. Idan ka watsa masa ruwa don ya fito a hoto, ruwan zai narkar da gishirin da ke cikin dutsen, ya jawo shi waje. Da ya bushe sai gishirin ya daskare, ya ɓamɓare launin. Maiƙon tafin hannu yana kama ƙura, hayaƙi yana rufe zane, girgizar fasa dutse a kusa tana buɗe tsaga. Abin da ya zube ya tafi ke nan, ba mai dawo da shi.

Shi ya sa kiran "a kawo 'yan yawon buɗe ido" ba tare da shiri ba yake ba ni tsoro. Turkiyya ta yi kuskure ta samu damar gyarawa. Mu ba mu da wannan damar. Kamata ya yi a fara da ɗaukar cikakken hoton kowane zane, a shata iyakar da ba a fasa dutse, a horar da 'yan gari su zama jagorori ana biyansu, a ƙayyade yawan masu shiga lokaci guda. Talla ta biyo baya.

Ba cewa nake kada ka je ba, ai gani ya kori ji. Ka je, ka nemi jagora, ka tsaya nesa kaɗan. Kada ka taɓa, kada ka jiƙa, kada ka rubuta sunanka. Idan da yara ka je, su ma ka faɗa musu dalili.